Shafin Ƙarshe Yana Wajen Mai Ƙosai

An sake tayar da tsohon kukan nan, wai Bahaushe ba ya karatu. Kuka ne da ba ya tsufa. Duk sa'ad da marubuci ya ƙirga kwafin da ya sayar ya ga kuɗin bai kai na motar komawa gida ba, sai ya yanke wa al'umma kaf hukuncin jahilci, masu jawabi a taro kuma su ɗauka su ƙara gishiri. Ni zargin bai dame ni ba kamar yadda rashin iya lissafin ya dame ni. Wanda duk ya san gidajen da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, har zuwa Damri, ya san ana karatu, karatu ma na fitar hankali, irin wanda ke sa tuwo ya kama, yaro ya yi ta tsala ihu a tsakar gida uwar tana cewa bari ta kai aya. Abin da ba a yi shi ne saye. Mai karatu daban, mai saye daban, kamar yadda mai cin walima yake daban da uban biki.

Mu ƙaddara kwafi guda na littafin soyayya ya baro Kano a cikin kayan wani ɗan tireda, aka baje shi ranar Talata a kasuwar Mafara, wata amarya ta aika aka sayo mata. Kafin ta kai shafi na goma ƙanwar miji ta kama layi. Kafin la'asar uwargida, wadda rabonta da yi wa amarya magana tun daren da aka raba kwana, ta aiko 'yarta: "Wai in ji Inna, in kin ƙare ki ara mata littahin ga." Sulhun da dattawan unguwa suka kasa ƙullawa, ga takarda mai arha ta ƙulla shi. Daga nan littafin ya haura katanga, ya zaga maƙwabta, ya bi wata 'yar makarantar kwana a ƙasan akwati, ya dawo hutu ya raka 'yan suna Maradun, ya kwana a can wata biyu, sannan ya ɓulla Damri a cikin kwallar wata wadda za ta iya rantsuwa nata ne. Duk wannan yawon, abin da marubucin ya rubuta a littafin cinikinsa shi ne: Zamfara, kwafi ɗaya. An ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, to a nan ko gardin bai ga sisi ba. An kuma ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wanda ya faɗi haka bai ga littafin aro ba, shi da ke rufe ƙananan hukumomi uku.

Sai dai yawo yana da farashi, kuma littafin ne ke biya da jikinsa. Takardar siririya ce, 'yar wayar da aka ɗinke shi da ita guda biyu ce tak. Bango shi ke fara yin sallama. Da ya tafi, shafin ƙarshe ya zama maraya, yau ya karkace, gobe ya saki waya ɗaya, jibi wani yaro ya tsince shi a tsakar gida, kuma kowa ya san inda takardar tsintuwa ke ƙarewa a ƙasar Hausa: wajen mai ƙosai. Saboda haka mafi yawan masu karatunmu sun san farkon labarai da yawa, ƙarshen kuwa sai dai hasashe. Labari ɗaya sai ka tarar yana da jam'iyyu. Akwai jam'iyyar Ta Auri Talakan, wadda magoya bayanta galibi 'yanmata ne. Akwai jam'iyyar Ta Auri Alhajin, ta masu dogon nazari da iyayen mata. Akwai kuma 'yan tsiraru masu cewa mutuwa ta yi a haɗarin mota, hujjarsu ita ce nasu kwafin ya yanke ne daidai inda ta hau hanyar Kaduna tana kuka. Ana sauya sheƙa tsakanin jam'iyyun nan gwargwadon yadda mutum ya kwana da mai gidansa. Shaida ɗaya tilo da ta taɓa ganin shafin da idonta ita ce yarinyar da aka aika sayen ƙosai, ita ma ba a dogara da ita, don mai ya riga ya jiƙa takardar har rubutun gaba da na baya sun haɗe, ta karanta ɗaurin aure da jana'iza a layi ɗaya. Da aka matsa mata da tambaya sai ta ce ita dai ta ga an ambaci goro, kuma yaji ya rufe sunan angon.

Tun da mun zo kan mai ƙosai, ya kamata a ba ta haƙƙinta, don tarihin adabi ya yi mata rowa. A watan Mayu na 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, aka yi ta ka-ce-na-ce. Daga baya hukumar tace finafinai ta jihar, a zamanin Abubakar Rabo, ta nemi marubuta su zo su yi rajista, aka sake wani rikicin. Duk wannan hidima, da motoci da ma'aikata da 'yan jarida, ba ta salwantar da shafukan da mai ƙosai ke salwantarwa cikin ruwan sanyi tsakanin asuba da hantsi ba. Ita ba ta da kasafin kuɗi, ba ta kiran taron manema labarai, ba ta kuma nuna bambanci: takardar jarrabawa, jaridar bara, Magana Jari Ce, wasiƙar saurayi, duk ƙosai biyar-biyar suke ɗauka. Abin da ya fi wannan ma, ita ce babbar dillaliyar adabi a yankin, domin ta hannunta rubutu ke isa ga ɗan acaɓa da manomin shinkafar Bakolori da bai taɓa riƙe littafin hikaya ba. Ya cinye ƙosansa, ya baje takardar a gwiwa, ya karanta yadda wata ta yafe wa wani, ya goge hannu da ita. Marubucin da ke neman ƙarin masu karatu da gaske, maimakon ya yi ta buga hotonsa a bango, gara ya rubuta sunansa a ƙasan shafin ƙarshe da manyan baƙaƙe masu jure mai.

Za a ce ai marubutan ma ba kanwar lasa ba ne, kuma gaskiya ne. Da suka ga aro ya fi ƙarfinsu sai suka rama da wuƙa: labarin da zai shiga littafi ɗaya a yanka shi kashi uku ko huɗu, kowane kashi ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, likita ya fito yana cire tabarau, sai a ce mu haɗu a littafi na gaba. Dabarar ta yi aiki a Kano, inda mai karatu zai taka zuwa kasuwa ko shagon haya ya karɓo ci gaban. A Damri kuwa na biyu kan riga na ɗaya isowa, na huɗu ya zo da damina, na uku kuma yana hannun wadda aurenta ya mutu ta tafi da shi garinsu, har ana addu'ar a yi biko ba don komai ba sai don a ji abin da likitan ya ce. Yanzu harkar ta koma waya, amma hali zanen dutse. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, ta tara masoya, in labari ya ɗau zafi ta ce daga nan sai an biya ɗari uku ko ɗari biyar, ta kuma kafa gargaɗi a sama cewa duk wadda ta fitar mata da littafi ba ta yafe ba. Mutum ɗaya ta biya, sauran su karɓa a hannunta, kuma don tsabar amana har gargaɗin suke tura wa juna bai ragu da ko wasali ba. A karanta Allah ya isa, a ce amin, a gangara ƙasa a ci gaba. Wannan ci gaban zamani ma yana da iyaka. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako, labarin da ke cikin waya ya tsaya cak inda yake, mai tsohon littafi marar bango a ƙarƙashin katifa ita ce ta koma mai arzikin unguwa.

Hujjar da masu aro suka fi kafawa ita ce talauci, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, garin da ya ga irin harin da Damri ta gani a watan Mayu na 2022, ba a tsaya a kansu ana yi musu wa'azin sayen littafi. Wanda bai da na hatsi ya ara, ya kuma karanta da lafiya, marubucin kirki ma ba zai so a hana shi ba. Maganata tana kan ɗaya rukunin ne, masu ankon biki uku a wata, masu katin waya na hira har asuba, waɗanda kuɗin littafi bai kai na lallen ƙafarsu ɗaya ba, amma in an ce su saya sai su dube ka kamar ka ce su sayi iska. A wurinsu littafi kamar wuta ne, ɗebowa ake yi a maƙwabta. Wasu kuma su ce ai aro talla ne, yana sa marubuci ya yi suna. Haka ne, suna kam ana yi. Sai dai har yau ba a ji mai injin buga littafi da ya karɓi suna a madadin kuɗin takarda ba.

Rukunin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na masu aro su karanta sannan su fito su yi tir. Ka ji mutum a majalisa yana kumfar baki, wai littattafan nan sun lalata tarbiyya, sun koya wa mata raina miji da son gidan bene. Ka tambaye shi wanne daga ciki, sai ya kawo maka suna, da kashi, da abin da ta faɗa wa mijin, da kalar motar da aka zo ɗaukarta a ciki. A ina ya sani? Bincike ya yi, in ji shi, da fitilar waya, bayan matar ta yi barci. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ba a musun cewa akwai shirme da batsa a wasu, musamman na waya da ba mai dubawa, kuma muhawarar ba sabuwa ba ce: tun shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta gwabzawa a jaridu. Amma su waɗancan sun karanta da rana ne, suka sa hannu a kan abin da suka faɗa. Kuma a cikin kasuwar nan da ake rainawa Balaraba Ramat Yakubu ta fito, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta zo ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Kafin ita akwai Hafsat Abdulwahid, wadda ta daɗe da zama a Gusau, mai So Aljannar Duniya na 1980. Yarinyar da aka yanke wa karatu a aji shida, wace takarda ce ta rage da ke hana baƙaƙen boko gudu daga kanta in ba waɗannan ba? Mai kumfar bakin bai gina ɗakin karatu ba, bai sayo mata wanda ya fi su kyau ba, bai ma mayar da na aron da ya ɓoye a aljihun babbar riga ba. Shi ya hana, shi ya cinye, shi ya kuma yi wa'azi.

Saboda haka a daina cewa ba a karatu. Marubucin da ke son sanin yawan masu karatunsa ya daina duba littafin ciniki, ya nemo kwafi ɗaya da ya shekara a Bakura ya ƙirga tabon miya da na lalle da na man kitso, kowane tabo mutum guda ne, wani ma gida guda. Masu hali kuma a riƙa saye ko da ɗaya cikin goma ne, a bar aron ga waɗanda ba su da shi.

Ke kuma Inna mai ƙosai, ba wanda ya isa ya hana ki sana'a, roƙo ɗaya ne. In littafi ya faɗo hannunki, ki fara yaga daga gaba. Akwai sadaukarwa, da godiya, da tukuici, da jinjina, da jerin ƙawayen da ba a manta da su ba, shafi uku cur da za su ɗauki ƙosan safiya guda ba wanda ya yi kewarsu. Na ƙarshen dai ki bar mana.