Wai Ƙaramin Madannin Nan Ado Ne?

Akwai wasu mutane, kuma na san suna cikin masu karanta wannan, da in sun shiga ban ɗakin otal suka tarar da madanni biyu a kan tankin masai, sai su haɗa yatsu su danne su gaba ɗaya. Wai kada a cuce su. Sun biya kuɗin ɗaki, saboda haka sai sun ga bayan ruwan. Akwai kuma 'yan uwansu masu zurfin bincike, waɗanda suka gano cewa ƙaramin madannin ba a haɗe yake da komai ba, dabarar 'yan kasuwa ce don a ƙara wa kaya kuɗi. Ban ce Zage-zagi ne ba. Wanda ya tsargu, shi ya sani.

To, Malam, maimakon musu a majalisa, tashi mu ɗaga murfin. Amma kada ka fizge shi kamar yadda ka saba. A yawancin irin waɗannan tankunan, zoben da ke kewaye da madannan shi ke riƙe da murfin, sai ka murɗa shi hagu ya kwance tukuna. In ka fasa murfin mutane, ba ni ba ne.

Abu biyu za ka gani a ciki. A gefe akwai wanda ke shigo da ruwa daga famfo, da ƙwallonsa mai yawo a saman ruwa. In ruwa ya yi ƙasa, ƙwallon ya bi shi, hanya ta buɗe, ruwa ya shigo. In tanki ya cika, ƙwallon ya taso ya rufe hanya. Wannan tsohon labari ne, masai mai mariƙi ɗaya ma haka yake, tankin da ke saman gidanka ma haka yake in mai gyaran famfonka ya sa masa. Wanda ya tara mu shi ne na tsakiya, dogon nan na roba da ke tsaye ƙiƙam. A gindinsa akwai rami wanda ya zarce zuwa kwanon masai, a kan ramin kuma akwai zoben roba mai laushi da ke toshe shi. Nauyin ruwan da ke tankin ne ke danne zoben. Daga madannan nan biyu akwai sanduna biyu da suka sauko kan dogon, wasu kuma waya ce a cikin kwanso irin ta birkin keke.

Ka danna babba, zoben ya ɗaga. Ka danna ƙarami, zoben nan dai shi ne ya ɗaga, kuma ramin nan dai shi ne ya buɗe.

Na ji ka. “Ka gani! Ai na faɗa, duk ɗaya ne!” Zauna, Alhaji, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ƙofar ɗaya ce, gaskiya ne. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da za ta rufe. A jikin dogon nan akwai wasu ƙananan ƙwallaye, ko da yake ba lalle su kasance kewayayyu ba, wasu kamar ɗan akwati suke. Ɗaya an ɗaure shi a sama, wajen tsakiyar tanki, ɗaya kuma can ƙasa. In ka danna ƙaramin madanni, na saman ne ke riƙe da zoben a ɗage. Muddin ruwa na tallafe da shi, ƙofa a buɗe take. Da zarar ruwa ya sauka ya bar shi, sai ya faɗi, zoben ya koma mazauninsa, sauran rabin ruwan ya tsaya a tanki. In kuwa babban ka danna, riƙon ya koma hannun na ƙasa, shi kuma ba zai saki ba sai ruwa ya kusa ƙarewa. Wasu masana'antun sun juya dabarar: maimakon ƙwallon da ke riƙewa, sai su sa ɗan kofi mai cike da ruwa, wanda in ruwan da ke kewaye da shi ya janye sai nauyinsa ya danne zoben da wuri. Ko ta ina aka bi, hisabin ɗaya ne.

Babu injin, babu batir, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ruwa ne ke faɗowa da nauyinsa, roba kuma na yawo a samansa.

Saboda haka ku masu haɗa yatsu biyu, ga abin da kuke samu: ruwan babban madanni, ba ƙari ko cokali ɗaya. Tankin ba shi da ajiya a ɓoye da yake fitarwa don manyan baƙi. Kun dai wahalar da ɗan yatsa guda a banza. Har gara masu dannewa su ƙi ɗagawa, don su a tankuna da yawa suna hana zoben komawa har sai ruwan ya tsiyaye ƙaf. Waɗannan aƙalla ɓarnarsu tana da sakamako.

In ka duba da kyau za ka ga ƙwallon saman nan yana kan wani ɗan layi mai tsaga-tsaga, ana iya tura shi sama ko ƙasa. Ka tura shi ƙasa, ƙaramin madanni ya ƙara ba da ruwa. Ka tura shi sama, ya rage. A nan ne wani lokaci mai shakka ke samun hujja, don in wanda ya ɗaura masan ya bar shi a can ƙasa, sai madannan biyu su riƙa zubar da kusan abu guda. Laifin mai ɗaurawa ne, minti biyu ya isa a gyara.

Wa ya kawo wannan fitina? Kamfanin Toto na Japan ya yi irinsa tun 1960, mai mariƙi biyu, har da wurin wanke hannu a saman tankin, ruwan wankin hannun ya gangara ciki a yi amfani da shi wajen korawa. Bai karɓu ba a lokacin. Inda abin ya kafu shi ne Ostareliya, kuma ba mamaki, don a cikin nahiyoyin da mutane ke zaune babu wadda ta kai ta ƙarancin ruwan sama. A 1980 wani ma'aikacin kamfanin Caroma mai suna Bruce Thompson ya fito da tanki mai madanni biyu, babba lita 11, ƙarami lita 5 da rabi. A farkon shekarun 1990 suka sauko da shi zuwa lita 6 da lita 3, daga baya har 4 da rabi da 3. Mutanen da fari ke hana su ba wa ciyawar ƙofar gida ruwa ba za su ɓata lokacinsu a kan ado ba.

Kuma ba tankin kaɗai suka taɓa ba. Wannan shi ne abin da masu sayen kayan ciki su cusa wa tsohon masai ba sa sani. A ƙarƙashin kowane kwano akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa kullum, shi ke hana wari da kyankyasai hawowa daga rami. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotlan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775. A Amurka sun fi amfani da kwano mai siririn bututu, wanda sai ruwa ya cika bututun maƙil sannan ya zuƙe ƙazanta. Irin wannan in ka ba shi ɗan ruwa kaɗan sai ya yi ta juyi yana kallonka. Na Turai da Ostareliya, wanda shi ne aka fi gani a kasuwanninmu, bututunsa mai faɗi ne, ruwa ke tunkuɗa kaya ya wuce da su da ƙarfin faɗowa. Shi ya sa lita 3 ke isarsa ta canza ruwan lanƙwasar. Sai da aka sake fasalin kwanon kafin rage ruwan ya yi aiki. Wanda ya ɗora sabon tanki a kan kwanon da aka ƙera don lita 11, zai danna sau biyu ko sau uku, ya fito yana cewa Turawa maƙaryata ne.

Yanzu ga Hajiya can ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta ga abin yayatawa ba, tun tana yarinya in fitsari ne buta ake korawa da ita, in babba ne a ɗauko bokiti. Wallahi Hajiya kin fi Bruce Thompson gaskiya, kuma kin riga shi. Abin da tankin ya yi kawai shi ne ya ɗauke miki ɗaukar bokitin, ya kuma hana yaran gida auna ruwan da son ransu. A gidan da famfo bai zuwa, tankin ya bushe ya zama wurin ajiye sabulu, naki tsarin ne ke ci har gobe.

Amma bari mu yi lissafi, tunda Bakano ba ya yarda da magana sai an juya ta kuɗi. A ce mutum na shiga sau biyar a yini, huɗu fitsari, ɗaya babba. Tanki mai lita 6 kowane dannawa zai ci lita 30. Mai madanni biyu zai ci 6, da 3 sau huɗu, lita 18 ke nan. An tsira da 12. Gida mai mutum goma, lita 120 a yini, kusan jarka biyar mai cin lita 25. Je ka tambayi ɗan ga-ruwan unguwarku nawa jarka take yau, ka ninka sau biyar, sannan sau talatin na kwanakin wata. In rijiyar burtsatse gare ka, lissafa man janareton da ke tura ruwan sama. Ka kuma tuna duk abin da ya sauka ramin sokawe yake tafiya, kuma mai motar kwashewa ba sadaka yake yi ba.

To, masu shakka, kada ku tafi da fushi. Ga inda kuke da gaskiya, ko da yake ba nan kuka nufa ba.

Duk wannan tsimi a kan zoben robar nan guda ya rataya. Ingila ta daɗe tana amfani da wani tanki daban, wanda ba shi da rami a gindi da ake toshewa. A nasu, ruwa sai ya hau sama ta cikin lanƙwasasshen bututu sannan ya gangaro, mariƙin kuma shi ke cilla ruwan farko ya tsallake lanƙwasar, sauran ya biyo shi. Irin wannan ko ya lalace ba ya yoyo, sai dai ya ƙi korawa, don ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Daga 2001 aka halatta masu zoben roba a can, aka kuma ƙayyade lita 6 ga sababbin masai. Daga baya kamfanonin ruwansu suka fara kuka, suna cewa masai guda mai yoyo na zubar da lita 200 zuwa 400 a yini, kuma yawancin masu yoyon irin masu madanni biyun nan ne. Koma kan lissafinmu. Gidan da ya tsira da lita 120 in zobensa ya saki, ya yi asarar jarka takwas ko fiye. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mugun abin shi ne yoyon ba ya zuba a ƙasa balle a gani. Ta bayan kwano yake silalowa siriri, dare da rana. Mai gida ya cika tankin sama da magariba, da asuba ya buɗe famfo zai yi alwala ya ji iska. Sai a hau yara da faɗa, a zargi mai wanki, a ce maƙwabta na jan ruwa da dare. A wurinmu ma abin ya fi sauƙin faruwa, don ruwan burtsatse na zuwa da yashi. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale tsakanin zoben da mazauninsa ta isa. Ga farin dattin da ruwa ke bari ya daskare, ga ƙwayoyin maganin wanke masai da ake jefawa cikin tanki, masu sa roba ta kumbura ko ta yi tauri. Wani lokaci kuma sandar madannin ce aka bar ta da tsawo, tana ɗan danne dogon ko ba a taɓa ta ba. Wani lokaci zoben lafiyarsa lau, ƙwallon shigo da ruwa ne aka ɗaure sama da ƙima, ruwa ya cika ya riƙa kwarara ta bututun tsakiya da aka tanada don kada tanki ya yi ambaliya.

Ba sai ka yarda da ni ba, ai na san halinka. Samo bular wanki, ɗiga kaɗan a cikin tankin, kada kowa ya danna komai. Ka ba shi rabin awa. In ka dawo ka ga ruwan kwano ya yi shuɗi, zobenka ya saki. In ba ka da bula, bari kwanon ya bushe bayan an kora, ka manna busasshiyar takardar ban ɗaki a bangonsa na baya ka kwana. In ta jiƙe, amsar ke nan.

Gyaran kuwa bai kai a kira taro ba. Rufe ɗan famfon da ke ba tankin ruwa, danna babban madanni ya tsiyaye, kama dogon nan ka ɗan murɗa shi, a yawancinsu zai fito a hannunka. Juya gindinsa ka ga zoben. Sau da yawa wankewa kawai yake so, shi da bakin ramin. In ya yi ƙuraje ko ya tsage, cire shi ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa, don girmansu ba ɗaya ba ne, kuma mai shago zai rantse maka cewa wanda ke hannunsa yana shiga kowane tanki. In mai gyaran famfo ya leƙa sau ɗaya ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, ai wannan sai dai a canza tankin gaba ɗaya,” ce masa ya ciro maka zoben ka gani tukuna, kuma ka tsaya a kansa har ya ciro.