Mu 'Yan Kallon Araha a Kurmi

A Fatakwal da Anacha da Inugu, lokacin kiɗa uku ne ga Bahaushe: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, sai watan Disamba da masu gari ke nasu shagalin, mu kuma mu raɓa. Da an ce an ga wata, fosta za ta fara bayyana a jikin shagon mai cajin waya da teburin mai shayi, daga Mile 3 zuwa Oyigbo, daga Bakin Gada zuwa titin Bida, daga titin Owerri zuwa Garki: mawaƙi wane zai sauka daga Kano ko Kaduna, a otal kaza, kuɗin ƙofa kaza. Kowa na son zuwa. Mai son biya ne ba ka gani. To daga nan jama'a ke rarrabuwa, kowa da dabarar da yake ganin za ta kai shi gaban lasifika aljihunsa bai girgiza ba.

Shugabansu duka, wanda kuma na fi shan wuya a hannunsa, shi ne Na-san-mai-ƙofa. Tun ana sauran kwana uku zai same ka yana murmushi ya ce, "Ɗan'uwa, na ji wai tikiti za ka saya. Ina raye? Ai mai tsaron ƙofar yarona ne, a hannuna ya sauka ranar da ya fara shigowa kurmi." Kai kuma da yake araha na da daɗin ji, sai ka mayar da naira 2,000 ɗinka aljihu kana yi masa addu'a. Ranar wasa zai zo maka da mutum uku da ba ka sani ba, su ma duk ya yi musu alƙawari. Acaɓa dai an daɗe da hana ta a tsakiyar waɗannan birane, saboda haka keke za ku ɗauka, kuma tunda shi ne zai shigar da ku kyauta, ai bai kamata ya biya kuɗin keke ba. A hanya zai ce a tsaya a sayi tsire, don ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana. Sai kati na kiran yaron nasa. Duk kai ne.

Ku isa ƙofa ku tarar da wani ƙaton Ba'ikwerre da baƙar riga ta ɗame masa ƙirji, wanda duk Hausar da ya iya ba ta wuce "aboki" ba. Na-san-mai-ƙofa ba zai ji ko ɗar ba. Zai ja da baya, ya kara waya a kunne, ya yi ta zagaye yana ɗaga hannu sama wai yana neman sabis. "Lambar ba ta shiga. Wallahi jiya shi ne a nan, canja shi aka yi." Kafin ka buɗe baki ya ce ka kwantar da hankalinka, ai ya san mai gabatarwa. Mai gabatarwa na ciki yana aiki? To ya san direban mawaƙin, garinsu ɗaya. Direba bai iso ba? Akwai wani yaro mai jona wayoyin inji da ya taɓa ranta wa kuɗin mota. A wannan tsakanin an cinye tsiren, su huɗu, kai kana gefe kana kallon agogo. Na taɓa ganin wani irinsa ya sunkuci kujerun roba biyu daga motar masu haya ya ɗora a ka, ya nufi ƙofa yana "a ba ni hanya, a ba ni hanya", da shadda mai aiki a jikinsa da hula zanna. Ƙaton ya karɓi kujerun, ya yi masa godiya, ya juyo da shi waje.

Ƙarshenta ƙarfe goma ta wuce, masu ƙofa sun ƙara kuɗi saboda wuri ya cika, ka zaro ka biya naka ka biya nasa, don barin sa a waje abin kunya ne. Kuna shiga zai dafa kafaɗarka ya ce, "Ka gani? Ba na ce maka sai mun shiga ba?" Abin da ya fi ba ni mamaki ba shi ba ne. Idan wata Sallar ta zagayo ya sake zuwa da murmushin nan, ka rantse ba za ka bi shi ba, sai ga ka a bayan keke riƙe da ledar tsire.

Akwai kuma Sai-an-saki-ƙofa, mai haƙurin da ya wuce misali. Ya yi imani cewa duk wasa, komai tsadarsa, akwai sa'ar da masu ƙofa ke gajiya su buɗe wa kowa. Zai tsaya a jikin katanga awa huɗu, ruwan Fatakwal da ba ya tambayar wata yana dukansa, ya shiga daidai lokacin da ake naɗe wayoyi. Gobe a kasuwa shi zai fi kowa ba da labarin yadda wasa ya kaya.

Sai Ustaz, da ke zuwa bakin otal ɗin domin ya ga irin ɓarnar da ake yi da idonsa, ya san abin da zai yi wa yara nasiha a kai. Tattara hujja kan ɗauke shi awa biyu, kuma ƙafarsa ta dama ba ta jin nasihar. Sai Mai-waya, da ya biya kuɗinsa cif amma bai kalli komai ba sai ta gilashin wayarsa, yana watsa wa mutanen ƙauyensu kai-tsaye a TikTok, ku na bayansa kuna kallon gwiwar hannunsa. Sai maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan gyaran mota, da ba ya jin kalma ɗaya a waƙar Ado Gwanja amma ya fi kowa iya taka ta. Shi dai ba ni da ƙorafi a kansa, ya biya kuɗin ƙofa ba tare da neman ragi ba, abin da ba ya taɓa yi a kasuwa.

Wanda nake girmamawa a cikinsu shi ne Ɗan gayyar soɗi, don shi ilimi ne jarinsa. Bai yarda da kuɗin ƙofa ba sam, a ƙa'idance. Kalandar yankin gaba ɗaya tana kansa. Ya san watan Oktoba ake Ofala a Anacha, lokacin da Obi Nnaemeka Achebe, wanda ke kan karaga tun 2002, ke fitowa gaban jama'a a fadarsa, ga kiɗa ga rawar manyan gari da jajayen huluna, ba wanda zai tambaye ka sisi. Ya san daga Agusta ƙauyukan Ibo ke bikin sabuwar doya ɗaya bayan ɗaya. Zai ba ka tarihin bikin CARNIRIV na Fatakwal da aka fara a 1988, da yadda a da ake tsayawa a bakin titi a Disamba a sha kallo har a ƙoshi. Bikin bole kuwa, na gasasshiyar agada da kifi da aka fara a Fatakwal a 2016, yana jin haushinsa, domin a ganinsa bai dace a sa tikiti a wurin da kuma za a sayar maka da abinci ba.

Babbar hajarsa ita ce bikin binne gawa. Ya gano tuntuni cewa idan attajirin Ibo ya rasa uwa ko uba, makaɗan da za a ɗauko sun fi na kowane otal, da ƙaho da garaya ta Bature da ganguna, suna tashin kiɗan su Osita Osadebe da Rex Lawson tun hantsi har magariba. Zai sa farar riga, ya riƙe 'yan goro a leda, ya je ya yi ta'aziyya da fuskar jimami ga mutanen da bai taɓa gani ba. Ibo kuwa da girmama goro, nan da nan a ba shi kujera a ƙarƙashin rumfa. Naman ba ya taɓawa, don bai san wa ya yanka ba. Maltina biyu da ruwan roba sun wadatar. Matsalarsa ɗaya dodanni. Duk iliminsa bai hana shi tsere da takalmi a hannu ba ranar da mai bulala ya karyo kwana.

Kada in manta da dattijon nan da ke zama a kujerar baya, hannu naɗe a ƙirji, yana jiran a gama waƙa ya ce, "Wannan ai ba waƙa ba ce, kwamfuta ce ke yi." Tun da Shata ya rasu a 1999 ya rufe littafin waƙa, ya ɗan buɗe wa Ɗan Maraya Jos har 2015, ya sake rufewa. Zai gaya maka a da idan mai kalangu ya sauka a unguwar mahauta ba a san wani tikiti ba, fili ne kowa ya zo, mai abu ya yi kyauta, marar abu ya yi tafi. Zai bi da kai ta kan Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato da ya zama magajin garin Inugu na farko, don ka san Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, kodayake ba ka tambaye shi ba, kuma babu abin da ya haɗa wannan da Hamisu Breaker da ake sa wa a lasifika. Tambayar da ba a yi masa ita ce: to me ya kawo ka, Baba? Ni dai ba na yi masa ita, saboda kujerar da ke kusa da tasa tawa ce, kuma maganar kwamfutar nan gaskiya ce.

Wurin liƙi ma mutum biyu ne. Na farko ya canja naira 1,000 zuwa 'yan ashirin-ashirin na leda, ya fito fili yana zare su ɗaya-ɗaya da yanga, yana jan lokaci har sai maroƙi ya kira sunansa da na kakansa da na ƙauyensu. Na biyu ya fi shi wayewa. Shi masanin doka ne. Tun da hukumar EFCC ta fara gurfanar da masu liƙi, ya haddace cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ga mai wulaƙanta naira. Da maroƙi ya doso shi zai ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, ni mai bin doka ne, faɗi lambar asusu in yi tiransifa." A faɗa masa lamba, ya danna, ya danna, ya girgiza kai. Sabis. Mun san shi tun kafin EFCC ta waiwayi liƙi, a lokacin ma hannunsa bai taɓa kusantar goshin mawaƙi ba.

Duk waɗannan ina yi musu dariya ne, kuma in an jima tare za mu sha shayi. Akwai guda ɗaya da ba na yi wa dariya. Shi ne mai shirya wasan da zai buga fosta da hoton fitaccen mawaƙi, ya rubuta rana da wuri, alhali ko gaisawa bai taɓa yi da mawaƙin ba. Ya san sarai su wa za su saya. Ba Alhajin da ke sauke tirelar shanu a Ugwuoba ko Lokpanta ba ne, shi wannan in ya so kallo jirgi zai hau zuwa Kano. Masu saye su ne yaron da ke tura baro a Bakin Gada, da mai wankin takalmi da ya yini yana zaga Ogbete da akwati a hannu, da mai yankan farce, da ɗan garuwa, da maigadin da ya roƙi wani ya riƙe masa ƙofa na dare ɗaya. Yara ne da ba su samu kuɗin motar zuwa gida Sallah ba, suka ce bari ko muryar gida su ji. Cinikin kwana biyu suka haɗa suka ba shi.

Sai a tara su tun bayan isha'i, mai gabatarwa na ta cewa baƙonmu ya baro filin jirgi, baƙonmu ya shigo gari, cunkoso ne ya tare shi. Wajen sha biyun dare a fito da wani sojan gona da baƙin gilashi da hular sanyi, a sa waƙar a na'ura yana motsa baki. Kafin yara su gane, mai shirya wasa ya fice ta ƙofar baya da jakar kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: a jefi sojan gona da robar ruwa, a karya kujeru, mai otal ya kira 'yan sanda, a kwashe yaran da aka cuta, gobe shugabannin unguwa su yini a caji ofis suna beli. A bakin masu gari kuma labarin da zai rage shi ne Hausawa sun yi rigima a otal. A wurin da muke zaune da lallami, inda ƙaramar magana kan zama babba kafin la'asar, wannan mutum ba kuɗi kaɗai ya sata ba. Kuma bayan wata biyu da kwana goma, in babbar Sallah ta zo, za ka ga fostarsa a wani garin da sabon sunan kamfani.

Ina roƙon Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin kasuwanni su sa ƙa'ida: duk mai son tara jama'armu ya karɓi kuɗin ƙofa, ya zo gabansu tukuna da wanda zai tsaya masa, a san shagonsa a san gidansa. Kai kuma mai karatu, yanzu babu mawaƙin da ba shi da shafi a Facebook ko Instagram. In bai fito da bakinsa ya ce ranar kaza yana Fatakwal ko Anacha ko Inugu ba, riƙe kuɗinka, ka nemi Ɗan gayyar soɗi ya gaya maka inda ake biki ranar Asabar.