Yadda Ake Zama Ƙudan Fashi a Arlit

Tun da kamfanin Cominak ya rufe ramin yuraniyom ɗinsa na Akouta a 2021, masu neman sana'ar da ba ta jiran kamfani sun ƙaru a garin nan. To ga wata: fashi a sararin sama, irin na dangin ƙudajen da masana ke kira Asilidae. Wani Bafaranshe ne, Latreille, ya raɗa musu sunan a 1802, tun Turawa ba su ji ƙanshin yuraniyom ɗin Abzin ba. Ire-irensu sun haura 7,000 a duniya, kuma babu wanda ya taɓa rubuta takardar neman aiki.

Fara da tara gemu. Ƙudan fashi na da gashi mai tauri a fuska, shi ke kare masa idanu idan rina ko ƙudan zuman da ya cafke ya soma shure-shure. Marar gemu ya nemi wata sana'ar.

Sai mazauni: dutse mai zafi, busasshen reshen ƙaya, ko ƙasa fili, muddin rana na duka. A nan Arlit ta yi maka gata, inuwa ce mai tsada. Ka yi tsit, kana juya kai kamar mai gadin ƙofar kamfanin Somaïr da ya hango baƙuwar mota.

Fara ta gifta? Ban da sallama. Ka cim mata a iska, ka rungume ta da ƙafafunka masu ƙaya, ka soka baki. Yawunka zai shanye mata jiki, ya narkar da kayan cikinta, kai kuma ka koma mazauninka ka zuƙe, ka yar da ɓawon. Ba tukunya, ba gawayi, ba jiran wutar lantarkin kamfanin Sonichar daga Tchirozérine.

'Yan Adam kuwa ka fita harkarsu, shan jini aikin sauro ne. Amma in yaro ya damƙe ka, gantsara masa cizo, ya je ya ba abokansa labari.

Renon yara ba naka ba ne. Uwarsu za ta binne ƙwai a yashi, tsutsotsin su yi ta farautar 'ya'yan wasu ƙwari a ƙarƙashin ƙasa, haƙar da ba ta neman izini daga Yamai. Sai dai kafin a kai nan sai an je zance, kuma a danginku ana cin ɗan'uwa, mace ma takan cinye manemi. Saboda haka ka jira sai ta kama nata abincin kafin ka matsa. In ka iske bakinta babu komai, ka ce wucewa ka zo yi.