Jifan Faifai a Bakin Kogin Clackamas

Daga Portland, Jihar Oregon, Amurka
Zuwa Dogo Tebo, Pataskum

Taubashina,

Ya zafin Pataskum? Ya ƙafar Kawu, ina fata ta yi sauƙi. Ni lafiya ƙalau alhamdulillahi, sai ruwan saman garin nan da ba ya gajiya, yayyafi ne kawai daga safe har dare, wata da watanni.

Labari ya iso ni cewa hoton da na turo wa Goggo ta WhatsApp ka ɗauka ka kai majalisa, an zagaya da shi hannu-hannu, kana cewa ɗan'uwanku ya tsallaka teku da gemunsa ya koma wasan yara a daji. Na ji, kuma na yafe, don wanda bai sani ba ba a kama shi da laifi. Amma ka gyara zama ka karanta wannan wasiƙa har ƙarshe, in ya so ita ma ka kai ta majalisar, tunda kai ne gidan rediyon unguwa.

Wasan nan golf ne, sai dai ba irin na manya masu kulki da 'yar farar ƙwallo ba. Faifan roba ake jifa, faɗinsa kamar santimita 21, nauyinsa yawanci tsakanin giram 150 da 180. Mutum zai tsaya a kan wani dandamali ya wurga, inda ya faɗi nan zai je ya sake wurgawa, har ya jefa shi cikin kwandon ƙarfe da aka kafa a kan sanda, da sarƙoƙi suna reto a samansa don su tare faifan ya zube ciki. Kwando 18 ake zagayawa a wasa guda, wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. Na san a daidai nan ka taɓe baki ka ce to ina abin wahala. Haƙuri, ba mu shiga daji ba tukuna.

Inda muke zuwa sunansa Milo McIver, gandun shaƙatawa ne na gwamnatin jiha, kusa da wani ƙaramin gari Estacada, tafiyar kamar minti 45 a mota daga Portland. Filin wasan ana kiransa Riverbend, kwandunansa 27, shimfiɗe a gefen Kogin Clackamas. Wasu kwandunan a sarari suke, ciyawa kore shar, sai dai nisa. Wasu kuwa a cikin duhuwa aka ɓoye su. Taubashi, ba ka ga bishiya ba. Akwai wata da suke kira Douglas fir, miƙaƙƙiya sambal, in ta tsufa tana haura mita 60, in ka ɗaga kai neman ƙarshenta sai hularka ta faɗi. Gansakuka ta lulluɓe kututtura da rassa, ƙasa kullum a jiƙe, ƙamshin ruɓaɓɓen ganye ko'ina. Daga inda ka tsaya kana hango kwando can ƙurya ta wata 'yar kafa tsakanin bishiyoyi, kuma ta kafar nan ake so faifanka ya bi. Ratsa shi ta wurin ya fi ratsa kasuwar shanu ranar Laraba a kan mashin wuya, domin shanu in ka yi musu tsawa sukan matsa, waɗannan kuwa tun kafin a haifi kakanmu suke tsaye ba su taɓa ba kowa hanya ba.

In ka kauce dama, ga sarƙaƙiyar wata ƙaya mai baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi, ta yage maka wando sannan ta ba ka abin lasawa. Akwai kuma wani ganye mai kunne uku da kowa ke gargaɗin baƙo a kansa, in ya goge ka sai ƙuraje da ƙaiƙayi na kwana da kwanaki. In ka kauce ta ɓangaren ruwa, shi ke nan, an ƙara maka jifa ɗaya na tara, faifai kuma ya kama hanyar teku.

Shi kansa faifan yana da hali. Mai jifa da dama ta bayan hannu, faifansa in ƙarfinsa ya ƙare hagu yake karkatawa, ko kana so ko ba ka so. Saboda haka ba kwando ake auna ba, inda faifan zai gaji ake aunawa. Iri uku ne manya: mai kaifin baki na dogon zango, na tsakiya, da mai kaurin baki na jefawa kwando daga kusa. A jikin yawancinsu an buga lambobi huɗu masu gaya maka gudunsa, da daɗewarsa a iska, da yadda zai karkata a farko da kuma ƙarshe. Za ka ga magidanci da furfura yana jan 'yar amalanke cike da faifai iri-iri, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya tsaya a gabansu yana shafa gemu kamar zai yanke hukunci, ya ciro ɗaya, ya mayar, ya ciro wani, ya share shi da tawul, ya yi masa magana a hankali, ya wurga, ƙwas, bishiyar farko.

Akwai wani saurayi da muke aiki tare, ƙato ne, duk sati yana ɗaga ƙarfe. Ranar da ya biyo mu, wallahi kai na tuna. Irin tafiyarku ɗaya, irin cika bakinku ɗaya. Tun a mota yake cewa shi jifa ɗaya zai yi ya wuce kwando. Muka isa, ya naɗe hannun riga, ya ja da baya, ya taho da gudu, ya saki faifai da iyakar ƙarfinsa. Ƙarar da muka ji sai da tsuntsaye suka tashi. Faifan ya daki kututture, ya dawo, ya wuce ta gefen kunnensa, ya kwanta a bayan inda ya tsaya. Wato da jifa ɗaya ya ƙara wa kansa nisa. A rukuninmu akwai wata tsohuwa, kanta fari fat, da faifai uku kacal a 'yar jakarta. Ta tako sannu, ba gudu ba nishi, ta saki nata da wuyan hannu, ya bi kafar nan salin-alin ya sauka a tsakiyar hanya. Ta dafa kafaɗarsa ta gaya masa abin da 'yan wasan nan ke faɗa wa juna don lallashi, wai bishiya kashi 90 cikin ɗari iska ce. Ya ce to shi me ya yi wa sauran kashi goman da suke nemansa ido rufe? Haka ta yi ta ba shi kashi har aka tashi, tana yi tana ba shi haƙuri. Da kai ne, na san cewa za ka yi an yi maka sammu.

Ni kuwa hannun nan bai manta ba. Ka tuna wa ke kakkaɓo mangwaro da jifa muna yara, wa kuma ke tsayawa a ƙasa yana tsincewa yana shanyewa kafin mai jifa ya sauke hannu? To hannun nan ne dai. Bari in ba ka labarin kwando ɗaya. Yana dab da gaɓa, kana jin ƙugin ruwa a bayansa, hanya kuma ta lanƙwasa hagu a ƙarshe. Na bar mai kaifin baki a jaka, na ɗauki na tsakiya, na saki a ƙasa-ƙasa don kada reshe ya tare shi. Ya tafi a miƙe, ya wuce tsakanin bishiyoyi biyu da ƙyar mutum zai buɗe hannuwansa a tsakaninsu, da ya gaji ya karkata hagu daidai inda hanya ta karkata, ya ja ciki a kan ganye ya tsaya. Sauran taku kaɗan. A cikin mita 10 da kwando doka ta hana ka jefa ka bi faifan da jikinka, dole ka tsaya daram a kan ƙafarka. Kowa ya yi tsit. Na yi bisimilla na tura shi, sarƙoƙi suka ce cas, ya zube ciki. Taubashi, daɗin ƙarar nan ba ya faɗuwa a takarda. Mutum zai tuƙo mota ya jiƙe sharkaf ya sha ƙaya don ya ji ta.

Kogin nan daga duwatsun Cascade yake gangarowa, ƙanƙara ce ta narke, garau kana ganin tsakuwar ƙasa. Manyan kifaye da suke kira salmon suna barin teku su hauro shi don yin ƙwai, har gidan kiwon kifi gwamnati ta yi a cikin gandun. Da azahar ta yi na ce wa abokan wasa su ci gaba zan cim musu. Na sauka gaɓa na yi alwala, ruwan ya ratsa ni har ƙashi, yatsuna suka ƙage. Na shimfiɗa rigar ruwana a kan ciyawa na yi salla. Da na sallame sai na tarar ba wanda ya tafi, suna zaune a kan wani gungume can nesa kaɗan, sun rage murya, suna jirana. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Amma sanyin nan duk bai hana wani bawan Allah da na gani ya tuɓe takalmi ya shiga har cinya, haƙoransa na kaɗawa, don ceto faifan da bai wuce dala 20 ba. Ya fito da shi yana ɗagawa sama, mutane na tafa masa.

Babu alƙalin wasa a irin namu, kowa shi ke faɗin adadin jifansa da bakinsa. In faifan wani ya ɓace, duk rukunin ne za su shiga sarƙaƙiya nema, ka'ida ta ba da minti uku. Kowa yana rubuta lambar wayarsa a bayan faifansa. Na taɓa tsintar wani a cikin ƙaya, ya yi kore don daɗewa, na kira lambar. Da mutumin ya ji kalar faifan sai ya ɗaga murya yana kiran matarsa ta zo ta ji albishir. Ya tuƙo mota ya zo har wurin aikina ya karɓa, ya rungume ni, ya kawo mini kofi. Na san wani a Dogo Tebo da ya ari tocilata tun kafin in taho, ban faɗi suna ba.

Tarihin kuwa wani dattijo ne ya ba ni muna tafe tsakanin kwando da kwando. Wani mutum Ed Headrick, ma'aikacin kamfanin kayan wasa na Wham-O, shi ya kafa filin farko na dindindin a Oak Grove da ke Kalifoniya a 1975. A 1976 ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, PDGA, kuma shi ya ƙirƙiro kwandon nan mai sarƙa. Da ya mutu a 2002, wasiyyarsa ita ce a ƙone gawarsa a cuɗa tokar cikin robar faifai, aka kuwa yi. Da na ji haka sai da na yi salati. Kada ka gaya wa Goggo wannan, ka san ta, cewa za ta yi in tattaro kayana in dawo gobe.

Filinmu ma ba ƙanƙani ba ne a idon masu abin. Nan ake gasar Beaver State Fling, kuma a nan ne a 2016 wani baƙar fata, Philo Brathwaite, ya gama kwando mai nisan fiye da mita 250, wanda aka ƙiyasta wa jifa biyar, da jifa biyu tak. Ka nema a YouTube ka gani da idonka. Sannan akwai Paul McBeth, wanda ya ci kambun duniya sau shida. A 2021 kamfanin Discraft ya ƙulla yarjejeniya da shi ta dala miliyan 10 a shekara goma. Ka ɗauki biro ka buga da canjin yau, ka gaya mini bijimi nawa za ka yi dillanci kafin ka kamo ƙafarsa. Ba Amurka kaɗai ba, a Finlan abin ya zama ruwan dare, kuma mace 'yar Estoniya, Kristin Tattar, ta ci kambun duniya a 2022 da 2023.

Bari in gaya maka gaskiyar abin da ya kai ni. Ƙasar nan akwai kaɗaici. Kowa ya dawo aiki ya rufe ƙofa, babu tabarma a ƙofar gida, babu mai shayi da za ka zauna a yi ta musun ƙwallo. In na so kiranku ma, awa takwas ko tara ke tsakaninmu, ina tashi kuna shirin la'asar. A dajin nan ne na samu inda baƙo zai ce maka zo mu yi tare, ku yi awa uku kuna tafe kuna hira, likita da mai gyaran famfo da ɗan Pataskum, duk bishiya ɗaya ke wulaƙanta faifansu. Kuɗin da ake kashewa na ajiye mota ne kawai. Kuma in na dubi yadda suka bar itatuwan nan tsaye, suka mai da su abin wasa da alfahari, raina yakan sosu in na tuna buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi a wajenmu, da inuwoyin da muka sani muna yara yanzu babu su.

Don haka ga aiki na ba ka. Akwai wanda zai taho gida bayan salla, zan ba shi faifai ya kawo maka, masu sauƙin nauyi waɗanda yara za su iya. Kai kuma ka je wurin masu walda, garin da ake ƙera bodin tirela ba zai gaza kwando ba. Bututun ƙarfe ɗaya a tsaye, kwando mai faɗin kamar santimita 65, bakinsa ya tashi kamar santimita 80 daga ƙasa, a sama a yi zobe a rataya sarƙoƙi ashirin da 'yan kai su zubo su haɗu a jikin bututun. Uku sun isa a fara. Ka nemi fili mai darbejiya, ka nemi izinin mai unguwa, a kafa su a bayan bishiyoyin, kada ka zaɓi fili fetal don sauƙin kanka. Kuɗin walda ni zan turo, kuma a ciki ka cire kuɗin shararka na bana, kada in ji wata magana ranar cika-ciki.

Faifan in sun iso ka ɓoye su daga Goggo, in ba haka ba kafin ka juya ta rufe kwanon miya da ƙwaryar fura da su. Ka fara gwaji tun yanzu, ka kuma sa yara su ɗauki bidiyon jifanka na farko su turo mini, kada a yanke komai.

Ka gaishe da Kawu da Goggo, da amarya da yara, da mutanen majalisa ɗaya bayan ɗaya. A sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Taubashinka na Portland