Dara Ta Ci Gida

A unguwarmu, idan aka tona ramuka talatin a ƙasa aka kawo duwatsu da karare, ba mai ja da ni. Wannan sunan ne ya ja mini. Shugaban makarantarmu ya ji labarin Tunde Onakoya, mutumin Legas ɗin nan da ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024, sai ya aika a kira ni ofis.

"Malam, ai kai ne sarkin dara. Daga yau ƙungiyar ces tana hannunka."

"Ranka ya daɗe, an gama," na ce. A tunanina ces dara ce da ta yi boko.

Allon yana da gida 64, kowa da 'ya'ya 16, kowane ɗa da irin tafiyarsa. Doki ba ya miƙe hanya: gida biyu gaba, ɗaya gefe, yana tsallake kan jama'a. Sarauniya ta fi kowa yawo. Sarki kuwa, wanda ake wannan yaƙin duka dominsa, taku ɗaya yake yi ya zauna ya huta. Shi kaɗai na gane nan take, don na san irinsu.

Don wasan farko na zaɓi ƙaramar cikin 'yan ƙungiyar, wata 'yar aji ɗaya da yayanta ya koya wa a waya, wai in ƙarfafa mata gwiwa. Ta turo sojan gaban sarki, ta fito da bishof, ta cilla sarauniya can gefe. Ni kuwa ina ta jera sojoji uku a layi ɗaya, yadda dara ta koya mini, har ina murmushi. A taku na huɗu sarauniyarta ta sauka a gefen sarkina.

"Malam, an gama."

"Me aka gama?"

"Wasan."

Na kai hannu zan ja sojana baya. Yara goma suka haɗa baki: soja ba ya komawa, kuma duk abin da ka taɓa shi za ka tura. Ko a kotu ban taɓa ganin shaidu sun haɗa kai haka ba.

Daga nan ƙungiya ta ci gaba ba tare da ta jira ni ba. Suna rubuta kowane taku a littafi, wanda aka cinye ya dawo washegari a baje wasansa a gano inda ya zame. Wayata ta zama agogon wasa, minti goma kowa. Gwarzonsu Tanitoluwa Adewumi ne, yaron da iyayensa suka yi gudun hijira daga Najeriya, ya ci gasar ƙananan 'yan firamare ta jihar New York a 2019 yana da shekara 8.

Sai gasar makarantu ta zo. Zauren tsit, sai ƙwas-ƙwas ɗin agogo. To, dara ba a yin ta da rufaffen baki. 'Yan kallo su ne gishirin wasa. Na leƙa allon yarinyar nan, na hango dokin abokin karawarta a fili ba mai gadi. Bakina ya kubce.

"Ke! Ci dokin mana!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Alƙalin wasa ya tako a hankali, ya tambayi ko ni wane ne. Na ce kocinsu. Ya ce to koci ya biyo shi, ya raka ni har bakin ƙofa.

Ta taga na ƙarasa kallo, kusa da mai sayar da rake. Ba ta taɓa dokin ba, kuma ta ci wasan. A mota ta baje ƙaramin allo a cinyarta ta nuna mini: dokin tarko ne, da ta ci shi da sarauniyarta ta tafi.

Ranar Litinin a asambile shugaba ya sa aka tafa wa koci sau uku, na ɗaga hannu na karɓa. Da za mu gasa ta gaba, kaftin ya raba aiki a takarda. A gaban sunana an rubuta: jakunkuna da fiya wata, a waje.