Jirgi Ne Ko Shirwa?

Ɗaukar hoto na sha'awa, wato wanda mutum ke yi ba don a biya shi ba, ya rabu gida biyu a Abaji, masu bin tsuntsaye da masu bin jiragen sama, kuma dukansu matsalarsu ɗaya ce, domin abin da suke son ɗauka ba ya tsayawa a gaisa. Abaji, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya da aka kafa a 1976, tana kan hanyar Lokoja, nesa da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, saboda haka jirgin da ya ratsa samaniyarta yakan fito a hoton waya ɗan ɗigo kawai, wanda masana kan raba dare suna gardamar ko jirgi ne, ko shirwa, ko datti a gilashin kyamara.

Da hunturu kuwa, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo yakan kashe gardamar, tunda hoto yakan fito fari fat, amma duk da haka abokai su yi ta yabon ƙwarewar mai shi. Masu bin tsuntsaye sun fi samun sauƙi, domin shamuwa takan zo da damina, balbela kuma, wadda ke bin shanu saboda ƙwarin da suke tayarwa, ta yarda a ɗauke ta ba tare da jami'in tsaro ya nemi katin shaida ba.