Kwamfutar Bazazzagi Ta Suma

Taubashi,

 Yaya Gwaggo da ciwon ƙafa? Yaya kasuwa da mutanen Farm Centre? Mu nan Edmonton sai godiya, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, gemu ma ƙanƙara yake yi.

Albishirinka: na zama injiniya. E, ni ɗin da kake aika sayen shayi a shagonka, kana cewa hannuna bai san sukundireba ba.

Bazazzagin nan da muke haya tare ne ya ga kwamfutarsa ta tebur tana jan ƙafa da RAM mai giga 8, ya ce sai ta koma 32. Ka san su da ilimi, bai tambayi kowa ba ya sayo DDR5, alhali bod ɗinsa na DDR4 ne. Tsawonsu ɗaya, ƙafafunsu 288 duka, amma tsagar da ke ƙasa ba wuri ɗaya take ba, kuma da gangan aka yi haka don irinsa. Na same shi da wuƙar yanka albasa, wai zai ɗan faɗaɗa tsagar. Da ƙyar na ƙwace. Allah ya so shi, a nan ana karɓar kaya idan ka mayar, ba ruwansu da "in ka fita ka saya".

Ya sauyo biyu masu giga 16, ya sa, ya kunna. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai wata ƙara tit-tit-tit. Nan take ya zauna dirshan yana salati, saura kaɗan ya shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa. Ya kira masu gyara, da suka faɗi kuɗin dubawa kawai, ban da gyaran, sai ya ce musu kuskuren lamba ne.

Sai na naɗe hannun riga. Na ce masa wannan kukan ba na mutuwa ba ne, bod ne ke faɗin abin da ke damunsa, sai dai kowane kamfani da yarensa. Na zare waya daga bango, na danne maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta tsiyaye, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa komai. Wannan kam ba tsafi ba ne. Hita na busar da iskar ɗaki, sai mutum ya tara wuta a jikinsa, ko hannun ƙofa ka kama sai ya ja ka, tartsatsin kuwa yana iya kashe RAM.

Na cire sababbin, na mayar da tsohon. Ta tashi garau, wato bod na da rai. Sannan na ɗauki sabo guda na sa a gurbi na biyu daga furosesa, wanda aka rubuta wa A2, na danna da manyan yatsu har maƙalan suka ce ƙas. Mutumin ya rufe ido yana cewa zan karya masa dukiya, amma da na kunna sai ta tashi. Ashe nan gizo ke saƙar: shi da ya so fafe RAM da wuƙa, da aka zo wurin dannawa sai tausayi ya kama shi, ya ɗora su sama-sama, gefe guda bai shiga ba.

Da na ƙara ɗayan a B2 sai ta sake yin shiru. Na tsare shi da tambaya, ya amsa cewa tun bara ya shiga BIOS ya yi wasa da gudun RAM don wani bidiyo da ya gani. Na ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, muka sha shayi, na mayar, bod ya manta duk abin da aka koya masa. Na kunna na riƙe hannun Bazazzagi, don bayan canji irin wannan takan ɗan jima allo na baƙi tana gwada baƙin nata, shi kuwa har ya miƙa yatsa zai kashe. Can sai ga haske, giga 32 cif.

Bai gode ba tukuna, sai da ya ce a haɗa da tsohon a samu 40. Na ce masa haɗa uwargida da amare biyu ke nan a ɗaki ɗaya: ko su yi tafiya da gudun mai nawa, ko a kwana ana rigima. Ya haƙura, ya biya ni da tuwon semo da tsohon RAM ɗin.

Yanzu labari ya bazu a masallacin Juma'a, har wani ɗan Sudan ya kawo mini firinta. Ka turo mini yadda ake yi da ita ta WhatsApp, amma a asirce.

RAM ɗin kuma zan ba mai zuwa gida bayan azumi ya kawo maka. Kuɗin shararka ke nan na bana da na baɗi, kada in ji ka kai ƙarata wurin Gwaggo.

Ubangidanka,
Injiniya